Tambayi Gwani: Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa, Ta Ina Ake Fara Gyara?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: tsofaffin gine-ginen layin dogo da ke ƙauyukan Kano da Jigawa, da yadda za a mai da su wurin da matafiyin yau zai amfana. Injiniyan gine-gine da wani dattijon magini ne suka haɗu suka ba da amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, ba nisa da Ringim. Muna da tsohuwar tasha ta jan bulo, ɗaki uku da baranda. Rufin yana yoyo, ƙasan bangon yana zuba. Mun fara karo-karo don mu shafe ta da siminti, mu yi fenti, ta zama wurin jiran mota da ofishin tikiti. Me za mu fara saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku sayi ko buhu ɗaya tukuna. Abin farko takarda ce. Tashar da filin da ke kewaye da ita mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma tana da kamfanin da ke kula da filaye da gidajenta. Amincewar dagaci ko ta shugaban ƙaramar hukuma tana da amfani, amma ba ta maye gurbin izinin mai wuri. Ku rubuta, ku nemi haya ko izinin amfani a rubuce, a faɗi shekarun da aka ba ku, abin da aka yarda ku taɓa, da tazarar da za ku bari tsakaninku da layin. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, don haka ku bi ta ma'aikatar sufuri ta jiha ma, ta iya tsaya muku. Idan kuma ginin yana cikin waɗanda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi wa rajista, ita ma sai an ji ta bakinta.

Layinku ya isa Nguru a 1930, bayan jirgi ya fara shiga Kano a 1911 ta hanyar Baro. Ginin da ya yi kusan shekara ɗari a tsaye ba rashin ƙwari ne ke damunsa ba. Ruwa ne, kusan kullum. Saboda haka bayan takarda sai bincike: ku ɗauki hoton kowane bango daga waje da ciki, ku auna, ku zana taswirar ginin ko da a takardar makaranta ce, ku sa wa kowace ƙofa da taga lamba. Sannan ku je wurin ana tsaka da ruwan sama a watan Agusta, ku tsaya da lema ku ga inda ruwa ke shiga, inda yake zuba, da inda yake kwanciya. Rabin sa'a a ranar ta fi mako guda na dubawa da rani.

Jerin aikin shi ne rufi, sai hanyar ruwa a ƙasa, sai a bar bango ya bushe, sai tsaga, sai shafe, sai ƙofofi da wuta, fenti a ƙarshe. Yawancin ƙungiyoyi daga ƙarshen suke farawa, domin fenti shi ne abin da mai ba da gudummawa ke gani ranar buɗewa. Damina biyu sai fentin ya kumbura ya zube. Shi kuwa simintin da kuka ambata, ku karanta amsar da ke biye kafin ku yanke shawara.

TAMBAYA: Ni birkila ne a yankin Gezawa, na fi shekara ashirin ina filasta. Na ji ana cewa wai kada a shafe tsohon jan bulo da siminti. Siminti ai ya fi komai ƙarfi. Ina laifinsa?

AMSA: Maigida, ƙarfin nasa ne laifin. A kan sabon bulo na siminti aikinka daidai ne, ba mai ja da kai. Tsohon jan bulo kuwa wata dabba ce daban. Yana da laushi, yana shan ruwa yana fitarwa, kuma yawancin irin waɗannan gine-gine da kwaɓin laim, wato farar ƙasar gini da ake ƙonawa daga dutse, aka ɗora su, ko laim da ɗan siminti kaɗan. Bangon yana tsotso danshi daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, danshin ya hau kamar mita ɗaya, iska ta kwashe shi ta fuskar bango. Haka yake rayuwa tun da aka gina shi.

Ka shafe fuskar da siminti mai ƙarfi, ka toshe wa danshin ƙofar fita. Sai ya ƙara hawa sama, ko ya ɓulla ta cikin ɗaki. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishiri, shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da kake gani a gindin bango. Inda ruwa ya ƙafe nan gishirin ke daskarewa, yana daskarewa yana buɗa ramukan bulo. Idan shafen laim ne, gishirin a cikin shafen yake taruwa, shafen ya lalace bayan shekaru, a kankare a sake. Idan siminti ne, a bayansa yake taruwa, ya ci fuskar bulon. Ka ƙwanƙwasa irin wannan shafe da guduma, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka ɓamɓare shi, sai ya taho da fatar bulo, jan gari na zuba a bayansa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ga yadda ake yi. Tsohon simintin da wani ya taɓa shafawa a cire shi da kurfi da guduma, da hannu, a hankali. Kada a kawo injin yanka. A goge gishirin da busasshen buroshi a kwashe garin a kai nesa, domin in aka wanke da ruwa komawa ciki yake yi. A bar bangon tsirara ya sha iska rani guda.

Laim ɗin da ake nufi shi ne wanda aka ƙona daga dutse aka kashe da ruwa, ana samunsa a buhu wurin masu sayar da sinadarai. Ba kowace farar ƙasa ta kasuwa ba ce. Wata alli ce kawai, ba ta kamawa. Gwaji mai sauƙi: kwaɓa kaɗan da yashi, ka dunƙula kamar ƙwai, ka ajiye a inuwa mako biyu. Na gaskiya zai yi ɓawo mai tauri, na bogi zai murmushe a hannu. A jiƙa garin a cikin durom aƙalla kwana ɗaya har ya zama kamar kindirmo mai kauri, in ya yi mako ya fi. Wanda ya samu ɗanyen laim da ba a kashe ba, shi ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba masa ruwa a kai, domin tafasa yake yi yana tsartuwa. Tabarau da safar hannu dole ne, laim yana makantarwa. Farin dagwalon da masu walda da kabaid ke zubarwa ma laim ne, yana aiki idan aka tace shi aka bar shi cikin ruwa a sarari har warin ya fita.

Awo: kwano ɗaya na laim, kwano uku na yashi mai kaifi. Yashin rairayin da iska ke tarawa ya cika laushi, a nemi na kogi. A gwada shi a kwalba: yashi rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta. In lakar da ta zauna a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a wanke shi ko a canza. A gindin bango, inda danshi ya fi yawa, a ƙara rabin kwano na garin jan bulo da aka daka aka tankaɗe, ko tokar ɓuntun shinkafa wadda ta ƙone ta yi fari-fari. Mutanen Hadeja da Auyo ba sa rasa wannan. Suna sa laim ya kama ko a wuri mai laima. Idan mai aiki ya nace sai da siminti, iyakar rangwamen da za mu yi shi ne siminti ɗaya, laim biyu, yashi tara.

Tsakanin bulo da bulo, a ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ya rube zuwa zurfin da ya ninka faɗin layin sau biyu, wato kamar milimita 20 zuwa 25. A share, a yayyafa ruwa, a cusa sabon kwaɓi a danna sosai. Idan asalin bangon ba shafe gare shi ba, a tsaya nan, jan bulo tsirara ya fi kowane fenti kyau. Idan da shafe, a yi shi hawa biyu ko uku, kowane hawa kada ya wuce milimita 10, a bar mako guda tsakani.

Inda aikin laim ya fi lalacewa a ƙasarmu shi ne bushewa. Laim ba ya kamawa da sauri kamar siminti, iska yake sha a hankali yana komawa dutse, kuma yana bukatar laima kafin ya yi hakan. Iskar hunturu tana busar da shi cikin sa'o'i, ya tsattsage ya zama gari. A rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gaban bangon, ana yayyafa musu ruwa safe da yamma har mako guda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Magina na gargajiya da ke shafe soro da makuba, ko laso na katsi da gashin jima da dafara, sun san bango yana son abin da ke kare shi daga ruwan sama ba tare da ya shaƙe shi ba.

TAMBAYA: Malamar makaranta ce ni a Malam Madori. Akwai tsohon sito kusa da layin dogo da mata ke son karɓa don tara riɗi da zoɓo kafin mota ta ɗauka. Amma bangon ya tsage daga kusurwar taga har sama. Zai faɗo mana?

AMSA: Malama, sai an san ko tsagar tana raye ko ta mutu. Ki sa fensir ki yi alama a ƙarshenta sama da ƙasa, ki rubuta kwanan wata. Ki auna faɗinta a wuri uku. Sannan a manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kanta, a kama bakinsa biyu da siminti. Ana dubawa duk wata, har a ga damina a ga rani. Gilashin ya fashe, ginin yana motsi.

Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba kuma ba ta ƙaruwa, cikewa kawai take so. Daga 5 zuwa 15, a ɗinke ta: a ƙwaƙule layin kwaɓi bayan kowane bulo huɗu ko biyar, a kwantar da siririn rodi marar tsatsa mai milimita 6 wanda ya wuce tsagar da rabin mita kowane gefe, a rufe. Ta wuce 15, ko hannu yana shiga, ko bangon ya yi ciki ya karkata, kada kowa ya zauna a ciki sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya gani da idonsa.

Tunda daga kusurwar taga ta fara, a duba abin da ke ɗauke da bulon saman tagar. A gine-ginen jirgin ƙasa sau da yawa guntun ƙarfen dogo ne aka gitta. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ninki da yawa, ya ɗaga bangon da ke kansa. In shi ne, a tokare, a buɗe, a kankare tsatsar har ƙarfe ya yi haske, a shafa jan fenti mai hana tsatsa hawa biyu, a mayar. Wani mai laifin kuma darbejiya ce. Inuwarta daɗi, amma a ƙasar laka saiwarta tana shanye ruwan ƙarƙashin tushe da rani, ƙasa ta tsuke, kusurwar gini ta zauna. A rage mata rassa a hankali, shekara biyu ko uku. Sare ta rana ɗaya yana sa ƙasar ta kumbura ta sake tsaga bangon ta wata fuskar.

Buhunan kuma a ɗora su a kan katako, a bar rabin mita tsakaninsu da bango. Wannan gari ya ga dalar gyada, ya san nauyin buhu. Bangon sito an yi shi ne ya ɗauki rufi, ba a jingina masa tan goma ba.

TAMBAYA: Kafinta ne ni daga Taura. An ce in duba rufin wata tsohuwar tasha. Silin ya cika da kashin jemage, wasu katakan gara ta ci. In sauke duka in sa sabo?

AMSA: A'a, Malam. Ka bi katakan ɗaya bayan ɗaya da tsinin sukundireba. Inda ya shiga da sauƙi, ko ka ji ƙarar rami, nan ne ya mutu. Galibi bakin katakon da ya shiga bango ne ke ruɓewa, tsakiyar lafiya lau, kuma tsohon katakon nan ya fi yawancin abin da za ka samu a kasuwa yau. Ka yanke ruɓaɓɓen, ka haɗa sabo busasshe, ka kama shi da ƙarfe gefe biyu da noti, ba ƙusa ba. Sabo da tsoho duka a shafa musu maganin katako irin su Solignum, musamman bakin da aka yanka. Baƙin mai da ake shafawa a ƙauye yana ɗan korar gara, amma yana ɗiga da zafi kuma abincin gobara ne a wurin da jama'a za su taru.

Gara daga ƙasa take zuwa. Ka bi hanyarta ta laka a jikin bango har inda ta fito, a nemi shurin a tone, a zuba maganin gara a ramin da aka haƙa kewaye da tushe bisa awon da ke jikin galan. In akwai rijiya kusa, a nemi mai sana'ar feshi ya yi.

Kashin jemage kada a share shi a bushe, ƙurarsa tana sa ciwon huhu. A yayyafa ruwa, a rufe hanci da baki, a kwashe a buhu. Masu lambu za su karɓa da godiya, taki ne mai ƙarfi. A toshe ramukan da ragar waya bayan magariba, lokacin da suka fita kiwo.

Kwanon da kansa: na dā yana da kauri, in tsatsar ta saman ce a goge a yi fenti. Wanda ya huje a canza shi da mai irin tudun nan nasa. A haɗa baki da baki da aƙalla santimita 15, gefe da gefe tudu ɗaya da rabi, ƙusa a kan tudu, kada a kwari. Kar a ɗora alminiyom kai tsaye a kan ƙarfe, suna cin juna in ruwa ya shiga tsakani. In ka tarar da rufi ko silin na asbestos, mai launin toka mai karyewa kamar faranti, kada ka sa zarto, kada ka fasa. A jiƙa, a kwance shi ɗungurungum, a naɗe a leda.

Sai ka gaya wa masu aikin wannan lissafi. Rufi mai murabba'in mita 200, ruwan sama na milimita 30 a dare ɗaya, lita 6,000 ke nan, durom talatin. In ba indararo da bututu, duk a gindin bango yake sauka. A sa su, a kai ruwan tanki ko lambatu. A kwashe ƙasar da ta taru a jikin ginin har ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, a karkata ta waje.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Gagarawa. In an gyara tsofaffin tashoshin nan, sabon jirgin da ake ginawa zai tsaya a cikinsu? In ba zai tsaya ba, meye amfanin wahalar?

AMSA: Ɗana, sabon jirgin ba zai hau tsohon layi ba. Faɗin tsohon milimita 1,067 ne, na sabon 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, da reshe zuwa Dutse. Hanyarsa daban da ta Nguru. Saboda haka wanda zai gyara tasha a Taura ko Birniwa ya tsara ta yadda za ta ci da kanta da motoci da kaya, ya kuma bar dandamali da gefen layi a buɗe don jirgin tsohon layi.

Amfanin kuwa, gini ne da ke tsakiyar gari, da baranda mai inuwa, da fili, da sito. Ginin da ba kowa a ciki shi ke mutuwa, domin ba mai ganin ƙusar farko da ta fita. A Legas wata ƙungiya mai suna Legacy ta gyara gidan Jaekel da ke harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ya zama ɗan gidan tarihi. Ƙauye ba ya bukatar gidan tarihi kamar yadda yake bukatar wurin da mace mai goyo za ta zauna ta jira motar Hadeja.

Sabbin abubuwa a ajiye su a gefe, kada a fasa tsohon bango saboda su. Bayan gida a yi shi daban, ramin ya yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma nesa da tushen ginin. Gangaren keken guragu: kowane santimita ɗaya na tsayi yana son santimita 12 na tsawo, dakali mai santimita 45 ke nan yana son kusan mita biyar da rabi. Ƙofar shiga ta kai santimita 90. Wayar wuta ta bi cikin bututu a saman bango. Manyan motoci su tsaya nesa, a kafa turakun kankare tsakaninsu da baranda, domin ginshiƙi ɗaya da tirela ta goga da baya ya isa ya sauke rufin. 'Yan acaba da masu adaidaita a yi musu rumfarsu. Masu sayar da fetur a galan da masu tuya da itace kada su raɓi ginin.

Wuta kuma sola ta isa. Ƙwai goma masu wat 10 na sa'a shida, fanka huɗu masu wat 60 na sa'a takwas, kwamfuta da na'urar buga tikiti, da cajin waya, duka kusan wat 3,500 ne na sa'a a rana. Faifai huɗu masu wat 300 za su ɗauka. A ɗora su a kan sabuwar rumfar masu babur, kada a kan tsohon rufi: kowane faifai ya kai kilo 20, kuma guguwar farkon damina in ta shiga ƙarƙashinsa da kwanon take tafiya. Da hunturu a riƙa goge ƙura duk mako.

TAMBAYA: Wani dattijo daga Madobi yana tambaya: tsohon sikeli, da allon sunan tasha, da ƙaramar tagar sayar da tikiti, 'yan gwangwan sun yi tayi. A sayar a ƙara a kuɗin gyara?

AMSA: Ranka ya daɗe, kada a sayar. Da farko ba na gari ba ne, na hukumar jirgin ne, kuma sayar da ƙarfen dogo laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. A rubuta su a takarda, a ɗauki hoto, a ba mai wurin kwafi. Allon a goge shi da sabulu da ruwa kawai, kada a sake rubuta shi. Fentin ƙofofi da tagogi na wancan zamani yakan ƙunshi darma, don haka a jiƙa kafin a goge, kada a ƙona shi da wuta, kuma a kori yara daga wurin. Tagar tikitin a sa wa maratayanta mai, ta koma bakin aikinta. Sikelin kuwa a kira mai gyaran awo ya daidaita shi da ma'aunin da aka tabbatar, a ajiye shi a bakin sito. Masu riɗi za su biya kuɗin awo a kan kowane buhu, kuɗin ya shiga asusun share indararo kafin damina.